Tsiro ɗaya, sunaye barkatai: yadda ake cinikin Salvia divinorum a Amurka da Turai

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida, musamman masu sha'awar lambu da ɗalibai masu karatun tsirrai. Rahoton wannan karo a kan wani tsiro ne da masu renon shuka a nan Amurka da wasu ƙasashen Turai suke sayarwa da sunaye iri-iri, kowane suna da kuɗinsa, wato Salvia divinorum. Wanda ya buɗe jerin kayan mai sayarwa zai ga Bunnell, Blosser, Luna, Paradox, Cerro Quemado, La Fuerza, Owens, sai ya zaci kaya ne daban-daban, wani ya fi wani. Alhali mafi yawan waɗannan sunaye tarihi kawai suke ɗauke da shi: wa ya yanko reshen farko, a ina, a wace shekara. Bambancin da ido ke iya gani kaɗan ne ƙwarai. Abin da ya fi raba kayan wannan mai sayarwa da na wancan shi ne lafiyar reshen da kuma gaskiyar mai shi.

Asalin tsiron duwatsun Sierra Mazateca ne a jihar Oaxaca ta kudancin Meziko, inda yake fitowa a kwazazzabai masu inuwa da laima, tsakanin mita 300 zuwa 1,800 sama da teku. Dangin na'a-na'a ne da ɗaɗɗoya. Karansa mai kusurwa huɗu ne, cikinsa fanko, ga saurin karyewa. Ganyensa kan kai santimita 30, tsiron kuma kan wuce mita ɗaya a tsawo. Mutanen Mazatek suna kiransa ska María Pastora, masu maganin gargajiyarsu na aiki da ganyen da dare, cikin ƙa'idoji masu tsauri. Sinadarin da ke cikinsa, salvinorin A, Alfredo Ortega ne ya fara ware shi a 1982, a 2002 kuma Bryan Roth da abokan aikinsa suka gano inda yake kamawa a ƙwaƙwalwa, wurin da masana ke kira kappa. Abu ne mai gusar da hankali cikin gaggawa da ƙarfi: mutum ya manta inda yake, ya tashi yana tafiya bai sani ba, ya faɗi ya ji ciwo, ko tsoro mai tsanani ya kama shi. Dalilin da ya sa dokoki suka yi masa ca ke nan. Maganarmu a nan ta tsaya ne a kan shukar da cinikinta.

Kafin a fahimci sunayen, sai an san cewa wannan tsiro da ƙyar yake yin iri. Yana fure idan rana ta gajarta ta koma ƙasa da awa 12, furen fari ne a cikin kwanso mai launin shunayya, amma sai ya bushe ya zube ba ƙwaya. Aaron Reisfield, wanda ya buga bincikensa a 1993, ya tarar fiye da rabin garin furen ba shi da rai, kuma ko da ya haɗa furannin da hannu, abin da ya zama ƙwaya bai wuce kashi 3 cikin ɗari ba. A daji ma ta kara yake yaɗuwa: ya yi tsawo, nauyi ya rinjaye shi, ya kwanta ko ya karye, gaɓar da ta taɓa ƙasa mai danshi ta fitar da saiwa. Don haka a lambu da reshe ake dasa shi, kamar yadda ake dasa rogo da sandarsa. Ma'anar wannan babba ce. Duk wani Bunnell da ke cikin tukunya a Kalifoniya ko Amsadam, jikin tsiro guda ne da aka yi ta yankawa ana rabawa fiye da shekara sittin. An daɗe ana zaton rashin irin nan alama ce ta cewa tsiron haɗin jinsi biyu ne, amma binciken ƙwayoyin gado da Aaron Jenks da abokansa suka buga a 2011 bai goyi bayan hakan ba. Ya nuna cewa ɗan uwansa mafi kusa shi ne Salvia venulosa da ke ƙasar Kolombiya.

Tsatson da ya fi kowanne yawa a kasuwa shi ne Bunnell, kuma har yau masu sayarwa da dama suna rubuta masa Wasson-Hofmann. Wannan suna kuskure ne da ya yi shekaru yana yawo. Gaskiya ne masu bincike biyu, R. Gordon Wasson da Albert Hofmann, sun je yankin a 1962, sun samo tsiron a San José Tenango, kuma samfurinsu ne masana tsirrai Carl Epling da Carlos Játiva suka yi aiki da shi wajen raɗa masa sunan kimiyya a shekarar. Sai dai abin da suka aika busasshen samfuri ne da aka danne a takarda, ba mai rai ba. Mai ran, wani likitan ƙwaƙwalwa kuma masanin muhalli mai suna Sterling Bunnell ne ya kawo shi Kalifoniya a wannan shekara ta 1962, ya ba Epling, aka rene shi a jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles, daga nan ya bazu. Daniel Siebert, wani mai bincike a kan wannan tsiro, shi ne ya bi diddigin wasiƙu da takardu ya warware wannan a 2003. Amfanin sanin haka ga mai saye a fili yake. Idan ka ga mai sayarwa ya jera Bunnell da Wasson-Hofmann a matsayin kaya biyu, kowanne da farashinsa, to ko dai bai san kayansa ba, ko yana so ka sayi abu ɗaya sau biyu. Ta wajen girma kuwa, Bunnell ba shi da laifi: yana saurin yin saiwa, yana jure ɗan sakaci, karansa na yin kauri. Ga wanda bai taɓa renon tsiron ba, a ganina babu dalilin wuce shi.

Na biyu a yawa shi ne Blosser, wanda masanin al'adu Bret Blosser ya yanko daga Oaxaca a 1991. Ana yi masa laƙabi da Palatable, wato mai daɗin baki, saboda an ce ganyensa bai kai na Bunnell ɗaci ba. Wannan magana ce ta fi kowace sayar da kaya, kuma ita ce mafi rauni. Ɗacin ganye na canjawa da ƙasa, da taki, da shekarun ganyen, da lokacin shekara, kuma masu reno da yawa da suka dasa su biyun gefe da gefe sun ce bambancin yana dushewa. Ta ido kuwa, in aka cire alamar suna aka cakuɗa tukwane, ƙwararru ma ba sa iya rantsuwa wanne ne wanne. Za ka ji wani ya ce ganyen Blosser ya fi haske, wani ya ce ya fi duhu. Dukansu abin da suka gani suka faɗa, sai dai haske da takin lambunsu suke kwatantawa ba tare da sun sani ba.

Inda ake samun bambanci na gaske shi ne Luna. Siebert ne ya tsince shi a Hawai a 1994, yana girma a tsakiyar wani fegi na Bunnell. Ka ɗora ganyensa kusa da na Bunnell a kan tebur: na Bunnell dogo ne, yana sirancewa a hankali har ya ƙare da tsini, haƙoran bakinsa ƙanana. Na Luna gajere ne mai faɗi, ya kusa zama da'ira, haƙoran bakinsa manya, a fili. Wannan siffa tana bin reshe duk inda aka kai shi, shi ya sa Luna ne kusan kaɗai tsatson da mai saye zai iya tantancewa da idonsa, muddin ganyen ya manyanta. Ƙananan ganyen sabon yanke ba sa nuna komai, kowane tsatso kan fitar da su a dunƙule. Sai an jira ganye na uku ko na huɗu bayan tsiron ya kama ƙasa.

Paradox kuma daga ƙwaya ya fito, ɗaya ne daga cikin 'yan tsirarun da Siebert ya samu daga irin da aka tara a Hawai, tare da su Echo da Oracle da Enigma. Ganyensa na da roɗi-roɗi, wani wuri kore mai duhu wani mai haske. A nan akwai tarko. Roɗi-roɗin ganye alama ce kuma ta cutar bairos, da ƙarancin sinadarin magnesiyam, da cizon ƙananan ƙwari. Mai sayarwa marar amana zai iya ɗaukar Bunnell marar lafiya ya manna masa sunan Paradox ya ƙara kuɗi. Yadda ake rarrabewa: ƙarancin abinci yakan fara daga tsofaffin ganye na ƙasa, ya sa tsakanin jijiyoyi ya yi rawaya jijiyoyin su zauna kore, kuma yana gyaruwa in an ba da taki. Cizon ƙwari ɗigo-ɗigo ne ƙanana, in ka juya ganyen za ka ga masu laifin ko saƙarsu. Bairos kan zo da murɗewar ganye da tsumburewa. Ban da wannan, tsatson da suka fito daga ƙwaya galibi ba su kai iyayensu ƙarfi ba, suna jinkirin girma, da yawansu ma sun ɓace daga hannun masu reno. Kayan masu tara iri ne, ba na mai farawa ba.

Sauran sunayen ba sa bukatar dogon bayani. Cerro Quemado sunan ƙauyen da Leander Valdés ya yanko shi ne lokacin bincikensa. La Fuerza da Catalina daga hannun Kathleen Harrison suka fito. Delicious da Julieta na Siebert ne daga tafiyarsa ta 1999. Owens daga dutsen Cerro Rabón aka samo shi. Darajarsu ita ce an san inda aka yanko su, wanda hakan na da amfani ga mai bincike da mai son adana bambancin gado. Amma tunda mutanen Mazatek kansu da reshe suke ba juna tsiron daga gona zuwa gona, ba mamaki abin da aka yanko a ƙauyuka biyu ya kasance jiki ɗaya.

Akwai masu tallan da ke rubuta cewa tsatso kaza ya fi ƙarfin sinadari. Kada wannan ya ruɗi kowa. Binciken John Gruber da abokansa na 1999 ya auna busasshen ganye daga wurare daban-daban, ya samu daga miligiram 0.89 zuwa 3.70 a kowane giram, wato wani ganye ya ninka wani sau huɗu. Sinadarin yana taruwa ne a wasu ƙananan ƙulli masu maiƙo da ke bayan ganye, kamar yadda Siebert ya nuna a 2004, kuma yawansu na bin girman ganye da yanayin da tsiron ya tashi. Mai sayarwar da bai kai ganyensa ɗakin gwaji ba, bai kuma rena tsatson biyu a ƙasa ɗaya da haske ɗaya ba, ba shi da hujjar cewa wannan ya fi wancan. Haka ma busassun kayan da ake sayarwa a fakiti da lambobi irin su 10x da 20x, masu nuna wai an ninka ƙarfin sinadarin. Babu hukumar da ke tsaye a kan waɗannan lambobi. Wani bincike na 2006 da ya auna kaya biyar na kasuwa ya tarar abin da ke ciki ya yi nesa da abin da aka rubuta a jiki, har da gaurayen kafeyin da bitamin E a wasu. A kan irin wannan fakiti sunan tsatso ba shi da wata ma'ana, kuma haɗarin kayan ya fi na kowane abu da aka ambata a nan.

To, su wa ke sayarwa, kuma yaya aikinsu yake?

Na farko su ne gidajen reno na ƙwararru, masu ɗakin gilashi, waɗanda ke ajiye uwar tsiro ta kowane tsatso da alamarta. Kayansu ya fi tsada, kuma a ganina sun cancanci kuɗinsu. Sukan aiko tsiro mai saiwa a ƙaramar tukunya, an rufe bakin ƙasar da takarda da salatif don kada ta zube, an kafa sanda an ɗaure kara, an kuma manne tukunyar a gindin kwali yadda ko an kifa shi ba za ta faɗo kan ganye ba. Da yawansu ba sa aikawa sai Litinin ko Talata, don kada kwalin ya kwana a ma'ajiyar gidan waya ranar Lahadi. Sukan dakatar da aike a tsakiyar hunturu da tsananin zafi, ko su sa ɗan fakitin ɗumi a ciki. Galibi suna da sharaɗin cewa in tsiro ya iso a mace, ka aiko hoto a ranar su sake maka wani. Ka tambaye su daga hannun wa uwar tsironsu ta fito, za su faɗa maka. Wannan amsa ita ce kaɗai shaidar sunan da ke kan alama, domin babu wata hukumar rajista da ke tabbatar da waɗannan tsatso.

Na biyu su ne ɗaiɗaikun mutane masu sayarwa ta intanet daga baranda ko ɗakin ƙasa na gidajensu. Kayansu ya fi araha, yawanci yanke ne marar saiwa, an naɗe gindinsa da jiƙaƙƙen tishu an sa a leda. Akwai na kirki a cikinsu, amma nan ne sunaye suka fi rikicewa. Mutum ya samu reshe kyauta ba suna, ya duba hotuna ya yanke hukunci da kansa cewa Blosser ne, ya sayar wa goma, su ma su sayar. Nan ne kuma ƙwari suka fi biyo kaya. Yanke marar saiwa yana jure kwana 2 zuwa 3 a hanya. In ya kai mako, ko da ya iso kore, sau da yawa ruɓa ta riga ta shiga cikin fankon karan.

Na uku su ne masu sayar da ƙwaya, kuma a nan maganar gajera ce: kada a saya. Tsiron da ƙwararru ke wahala kafin su samu ƙwaya goma, ba za a same shi a fakitin ɗari da kuɗin shan shayi ba. Abin da ke fitowa daga irin wannan fakiti yawanci Salvia splendens ne mai jan fure na ado, ko chia, ko wani ɗan dangi. Ƙwayar gaske ma ba ta daɗewa da rai, kuma ko sabuwa ce ba rabinta ke tsirowa ba.

Tsakanin Amurka da Turai, bambancin ya fi fitowa a takarda da doka. A Tarayyar Turai, tun Disamba 2019 tsiron da ɗan kasuwa ya aika wa mai saye ta gidan waya dole ya zo da wata 'yar takarda da ake kira fasfon tsiro, mai tutar Tarayyar, da sunan jinsin, da lambar rajistar mai reno, da ƙasar asali. Ba ta tabbatar da tsatso, amma tana nuna cewa akwai hukumar da ta san da mai sayarwar, kuma ana iya bin sawun cuta in ta ɓulla. A Amurka babu fasfo guda irin wannan na ƙasa baki ɗaya, sai dai a nan an fi samun tsatso masu yawa, don kusan dukansu ta nan suka fara shigowa. A Turai Bunnell da Blosser ne suka cika kasuwa, Luna jefi-jefi.

Dokar kuwa sai an bi ta wuri-wuri. Gwamnatin tarayyar Amurka ba ta sa tsiron cikin jerin haramtattun ƙwayoyi ba, amma jihohi da dama sun sa. Luwiziyana da Mizuri sun fara a 2005, Delaware a 2006, Ilinoyi da Fulorida a 2008. Dokar Luwiziyana ta bar ƙofa ga mai shuka shi don ado kawai. Kalifoniya ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. Shi ya sa duk mai sayarwa na kirki yake da jerin jihohin da ba ya aikawa, kuma rashin wannan jeri a shafin mutum alama ce ta yadda yake ɗaukar sauran al'amuransa. Ostareliya ce ƙasar da ta fara haramta shi, a 2002. Denmak ta biyo a 2003, Jamus a 2008. A Birtaniya dokar 2016 kan abubuwa masu gusar da hankali ta hana sayarwa da shigo da shi don sha, Kanada ma ta rufe cinikinsa a 2016. A Holan ana sayar da shi a fili, amma abin da ya halatta a Amsadam laifi ne bayan tafiyar awa biyu a jirgin ƙasa zuwa Jamus. Dokokin nan suna canjawa, sai mutum ya duba ta inda yake zaune a ranar da zai yi ciniki.

A inda doka ta yarda da renonsa, makon farko bayan isowar kwali shi ne ke yanke hukunci, kowane tsatso ne. A buɗe shi nan take. In yanke ne marar saiwa, a duba gindinsa: kore mai tauri lafiya ne, baƙi mai laushi ruɓa ce. A yanke ruɓar da reza mai tsabta har a kai wuri mai lafiya, a tsaya kamar rabin santimita ƙasa da gaɓa, domin daga gaɓa saiwa ke fitowa, kuma a nan ne karan yake a toshe. In aka yanke a tsakiyar gaɓoɓi biyu, fankon zai sha ruwa ya ruɓe zuwa sama. Yanke mai kyau santimita 10 zuwa 15 ne, da gaɓa biyu ko uku. A cire manyan ganye, a bar ƙanana biyu a sama, ko a rage manyan da almakashi zuwa rabi, don reshen da ba shi da saiwa ba zai iya shayar da faffaɗan ganye ba. A tsoma shi a ruwa mai zurfin santimita 3 zuwa 4, kowane yanke da kofinsa, saboda in ɗaya ya ruɓe kada ya ja sauran. A canja ruwan kullum ko bayan kwana biyu. Cikin mako 2 zuwa 3 saiwa za ta fito. Da ta kai santimita 1 zuwa 2 a mayar da shi ƙasa. In aka bari ta yi tsawo a ruwa, takan karye wajen dashe, kuma takan sha wuya kafin ta saba da ƙasa.

Ƙasar ta zama mai sakin ruwa: kashi biyu ƙasar tukwane, kashi ɗaya ruɓaɓɓen takin ganye, kashi ɗaya farar tsakuwar nan marar nauyi da ake kira falayit. Tukunya ta zama mai huda a gindi, kada kuma a bar ta zaune cikin ruwa a faranti. Tsiron na son danshi, amma jiƙaƙƙiyar ƙasa marar iska ita ce ta fi komai kashe shi. Alamar ita ce kara ya fara baƙi daga ƙasa, ganye su yi laushi alhali ƙasar a jiƙe take. Mai farawa yakan ga laushin ya ƙara ruwa, ya ƙarasa shi. In haka ta faru, a yanke saman da ke da lafiya a sake sa shi a ruwa, gindin ya riga ya tafi. Zafin da ya fi so tsakanin digiri 15 ne zuwa 27. Ƙasa da 10 girma ya tsaya, sanyin da ke daskarar da ruwa kuma dare ɗaya ya ishe shi. Haske mai yawa yake so amma ba rana kai tsaye ba. Taki rabin abin da aka rubuta a kwalba, kuma sai bayan sabon ganye ya fito.

Ƙorafin da aka fi yi wa masu sayarwa shi ne bakin ganye ya bushe ya koma ruwan ƙasa bayan kwana kaɗan, sai mai saye ya ce an ba shi tsatso marar kyau. Ƙarancin laima ne. Tsiron ya taso a ɗakin gilashi mai cike da danshi, ya faɗo ɗakin da na'urar ɗumama gida ta busar da iskarsa. Maganin shi ne a kifa masa farar leda a kan sanduna yadda ba za ta taɓa ganye ba, sannan a riƙa huda ta kaɗan-kaɗan, ana ƙara ramuka kullum, har mako biyu, kafin a cire gaba ɗaya. Tsofaffin ganyen ba za su gyaru ba, wasu ma za su zube. Sababbin da suka fito a iskar ɗakin su ne za su jure ta. Barin leda har abada kuma kuskure ne, don tsiron kan tashi da laushin jiki, ga fumfuna.

Sabon tsiro kada ya shiga cikin sauran shuke-shuke sai ya yi mako 3 zuwa 4 shi kaɗai. A riƙa juya ganye ana duba baya: farin ƙuda kan tashi in an girgiza, darɓa kan taru a kan toho ta bar danƙo, ƙananan jajayen gizo-gizo kan bar saƙa siririya a inda ganye ya haɗu da kara. Ruwan sabulu marar ƙarfi da aka fesa a bayan ganye duk bayan kwana 5 zuwa 7, sau uku, yakan isa, domin feshi ɗaya ba ya kashe ƙwai. Bairos kuwa ba shi da magani, kuma tsiron da ake yaɗawa ta reshe yana gadar wa duk 'ya'yansa cutar da ta kama uwa. Wannan na cikin dalilan da suka sa Bunnell ɗin wani gida ke bunƙasa na wani gidan kuma yana tsumbure, alhali jininsu ɗaya. A riƙa goge reza da barasar asibiti tsakanin tsiro da tsiro.

Wanda yake son sanin ko tsatso biyu sun bambanta da gaske, hanyar ɗaya ce. Kada ya kwatanta tsiron da suka iso daga gidaje biyu, don kowanne na ɗauke da tasirin inda ya taso. Ya rene su wata biyu ko uku, sannan ya yanki reshe uku daga kowanne a rana ɗaya, masu tsawo ɗaya, ya dasa a ƙasa ɗaya da tukwane masu girma ɗaya, ya riƙa sauya musu wuri duk mako don kada ɗaya ya cinye hasken taga. Sai ya auna ganye na huɗu daga sama, tsawo da faɗi, da tazarar gaɓoɓi. Alamar suna a rubuta ta da fensir a kan roba, domin tawadar alƙalami na gogewa da ruwa da haske, a kuma binne ta biyu a cikin tukunyar. Yawancin rikicin sunaye a wannan kasuwa daga alamar da ta faɗi aka mayar da ita tukunyar da ba tata ba ya samo asali.

Saura batun tsallaka iyaka, tunda na san za a tambaya. Tsiro mai rai ba ya shiga wata ƙasa sai da takardar shaidar lafiyar tsiro daga hukumar gona ta ƙasar da ya fito. Amurka na neman wannan takarda, in yawan tsiron ya kai 13 kuma sai an haɗa da izinin shigo da kaya daga ma'aikatar gona, ƙasa kuma ba ta shiga ko kaɗan, sai an wanke saiwar tas. Tarayyar Turai ma na neman takardar ga duk tsiron da ya fito daga wajenta. Takardar lafiya ba ta halatta abin da dokar ƙwayoyi ta ƙasar ta hana, hukumomi biyu ne daban, kowace da hukuncinta. Mai sayarwar da ya ce zai rubuta "kyauta" ko "kayan ado" a kan kwali don ya wuce kwastan, sunan mai karɓa ne a jikin kwalin, kuma shi za a nema.